Ajin Mai Zane

"Wata biyar ke nan, Nusaiba," in ji Hamidu. "Da shinkahwa anka shuka gonakin Bakolori ran da munka kai gaisuwa, da yanzu an yanke ta."

Ina wanke buroshin fenti a bokiti, ban ɗago ba.

"To ni shinkahwa ta?"

"Ba wasa nika yi ba. Kawunnaina sun ce in har aka rufe ajin wanga zango ba su ji magana ba, ba za su sake taka Bakura ba. Sun ce an raina su."

"Wa ya raina su?"

"Ke kin sani, zuciyata... shiru ma magana ta."

Na zubar da ruwan fentin a gindin dalbejiya. Saura mako uku a rufe zangon. Na ce masa na ji, na ɗauki jakata. Ba halina ba ne in yi kuka a gaban namiji, sai da na hau acaɓa na yi abina.

Wurin da muke aiki cibiyar koyon aikin hannu ce a Talata Mafara, ɗakuna uku da rumfa. Hajiya Baraka ce ta buɗe ta bayan ta yi ritaya daga shugabancin makaranta. Ni nake koya wa samari da 'yan mata zanen fenti ranar Asabar da Lahadi, lokacin hutu kuma malaman firamare su zo in nuna musu yadda za su zana akuya ba ta fito kamar kare ba. Sauran ranaku ina koyarwa a wata makaranta. Hamidu shi ke da ajin manya duk ranar Talata, inda ake sa tsinken ƙarfe a garwashi a yi wa ƙwarya ado da shi. Duk garin Mai Zane ake ce masa, har masu shayi. A nan muka haɗu, muka shekara muna faɗa kan kujeru kafin muka gane ba kujerun ne damuwarmu ba.

Da danginsa suka je Bakura neman aurena, Baffa Gajere, ƙanin mahaifina, ya karɓe su hannu biyu. Sai dai ya ce kafin Baba ya rasu ya bar wasiyya, kada a sa wa 'yarsa rana sai uwarta ta ce ta yarda. Baffa ya shiga cikin gida ya tambayi Inna. Ta ce ita ba ta da baki a wannan magana. Ya koma bayan mako biyu, ta ce tuwonta zai ƙone. Baffa kuwa mutum ne da ko kara aka ajiye masa ba ya tsallakewa, balle maganar mamaci.

Ni ce 'yar farin Inna. Wanda ya tashi a gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tunda aka raɗa mini suna ba ta taɓa faɗinsa ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yabona, idan na yi rashin lafiya ma wata take aikowa ta duba ni. Da ina ƙarama "waccan" ce ni. Da na girma na fara ɓata bangon gida da gawayi sai na samu ƙarin girma, na koma "mai zane". Na san kunya ce, kowa ya sani. Amma shekara ashirin da shida ana yi maka kunya, wata rana sai ka fara tambayar kanka ko da wani abu a ƙarƙashinta.

Ranar Juma'a na shiga mota na tafi Bakura. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa waken.

"Lahiya lau. An zo lahiya? Ya mutanen Mahwara?"

"Lahiya lau, Inna. Suna gaishe ki."

"Madalla. Akwai hura cikin ɗaki, in wani na so."

Na sha furar, na dawo na zauna kusa da ita, kusa fiye da yadda na saba.

"Inna, maganar mutanen nan... sun ce sun gaji."

Ta ci gaba da tsintar wakenta.

"In ba ki son shi ki hwaɗa min. Wallahi in kin ce in bar shi, bari nai za ni yi. Ko da zai kashe ni."

"Yara dai ba su da ta ido," ta ce wa wata kaza da ke wucewa. "Wa ya taɓa jin ana wagga magana da uwa?"

Na ga tabon ƙuna a babban yatsanta na dama, sabo, da wani a gefensa da ya fara warkewa. Na tambaye ta, ta ce murhu ne. Inna da ta shekara talatin tana juya tukunya da hannu. Ban ja maganar ba, raina a ɓace yake. Na kwana, na dawo da abin da na tafi da shi.

A mota na yanke shawara. Idan ranar ta zo ba ta ce komai ba, zan sallami Hamidu. Ina sonsa, son da ban san ina da irinsa ba, amma ba zan shiga gidan miji da shirun uwata a bayana ba. Da na gaya masa bai yi musu ba. Ya daɗe yana juya wata ƙwarya a hannunsa, sannan ya canza magana, kamar yadda yake yi idan abu ya fi ƙarfinsa.

"Akwai wata tsohuwa ajina, kin san ta hi kowa hannu? Amma tunda ta zo ba ta taɓa kallona ba. In na yi gabas ta juya yamma. Ni dai ban san mi na yi mata ba."

"Ƙila muninka ta gani."

"Ita ka sauraren kukana ma. Ke ba ki saurare."

Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ranar rufe zango aka haɗa ajujuwan duka. An share rumfa, an shimfiɗa tabarmi, an rataye zanen ɗalibaina a igiya. Malaman firamare sun jera akuyoyinsu, wasu har yanzu suna haushi. Ɗaliban Hamidu sun kife ƙoransu a kan dogon benci, kowace mace zaune a bayan tata. Na zo da rubutacciyar takarda a jaka, wadda zan ba shi idan an watse, don na san bakina ba zai iya ba.

"Zo ki ga tsohuwar da nika ba ki labari," ya ce. Na bi shi.

Tana can ƙarshen benci, ta ja mayafi har goshi, ta juya wa taron kafaɗa. Ban buƙaci ganin fuskarta ba. Mayafin ni na saya mata a sallar bara.

"Inna?"

Hamidu ya yi murmushi. "Ai kowa haka yaka ce mata."

"Hamidu, Innata ta. Wadda ta haihe ni."

Na taɓa ganin mutum ya taka garwashi, bai yi tsallen da Hamidu ya yi da baya ba. Ya cire takalmi ya zube ƙasa a kan gwiwoyinsa, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Bai taɓa ganin fuskarta ba kafin ajin nan, ranar da suka je gaisuwa ko leƙowa ba ta yi ba. Inna ta ƙara jan mayafi. Matan benci suka toshe baki.

Hajiya Baraka ta taso da rajista a hannu, gilashinta a kan hanci.

"Mi ya hwaru? Marka, lahiya?" ta kira Inna da sunanta. Ta dube ni, ta dubi Inna, ta dafe ƙirji. "Ashe ɗiyarki ta? To ai ran da kinka zo na tambaye ki ajin wa kika so, kinka ce ajin mai zane!"

"Haka na ce," in ji Inna, muryarta can ƙasa.

"Ni ko Mai Zane guda na sani garin ga."

A hankali labarin ya fito, yawancinsa daga bakin Hajiya, don Inna da "i" da "a'a" ta tsaya. Duk Talata tana zuwa kasuwar Mafara sayar da wake. Wata rana ta tambayi hanya ta zo cibiyar, tana so ta ga aikin da 'yarta ke yi da ake cewa wasa da fenti ne. Ba ta iya faɗin sunana ba, ta faɗi wanda take kirana da shi. Aka kai ta ajin Hamidu. Da ta ji an ambaci sunansa ta gane hannun wanda ta faɗa, amma gyara kuskuren sai ta faɗi sunan da ba ta faɗi. Tashi ta fita kuma wulaƙanci ne ga malami a gaban ɗalibansa. Sai ta zauna. Talata goma sha ɗaya tana zuwa, tana zaune gaban surukin da ko hanya bai kamata su haɗa ba.

"Innalillahi," Hamidu ya ce daga ƙasa. "Inna, abubuwan da na hwaɗa..."

"Mi ka hwaɗa?" na tambaye shi.

Wata daga cikin matan ta taimaka masa. "Cewa ya yi uwar yarinyar da yaka so ta hi dutsen Kwatarkwashi taurin kai."

"Amma ya ce kada Allah ya nuna mai ranar da zai raba ɗiya da uwarta," wata ta ƙara. "Har ƙwalla ya yi, mu duka mun gani."

Inna ta sa hannu biyu ta birkice ƙwaryarta.

Babba ce, irin ta damun fura. An zagaye ta da zanen ganyen wake, siriri, babu inda hannu ya goce. A tsakiya kuma haruffa bakwai ne da baƙin ƙuna, manya, wasu sun jingina da wasu. S ɗin ta juya baya. NUSAIBA.

"Aikin ƙarshe ke nan," Hamidu ya ce. "Na ce kowa ta rubuta sunan wanda za ta ba. Ita ta ce ba ta da wanda za ta ba, in rubuta mata sunan yarinyar nan da nika kuka a kanta, ta kwaikwaya. Sau tara tana ɓata ƙwarya tana sakewa."

Inna ba ta yi boko ba, ko sa hannu da dangwale take yi. Na tsaya ina kallon sunana. Na sha ganinsa a takardun makaranta da katin zaɓe, ban taɓa jin nawa ne ba sai ranar. Na zauna a ƙasa kusa da Hamidu, a gaban ɗalibaina da malaman firamare da kowa.

Inna ta juya wajen Hajiya Baraka, kamar mu biyun ba ma nan.

"Hajiya, ki aika ma Gajere ya sa rana."

"To, Marka."

"Na ga yaron. Yana da haƙuri da tsohi, ko da hannu ya ɓata ba ya tsawa. Surutu dai ya yi mai yawa."

Aka yi dariya, har da masu share ido. Ta ɗauki ƙwaryar ta miƙa wa Hajiya.

"Ki ba shi wagga. Ki ce mai ni na zaɓi sunan ga, tun tana ciki, ubanta bai so ba na dage. Ban taɓa samun hwaɗin shi ba." Ta tsaya ta gyara mayafinta. "Shi da ke da bakin hwaɗi... ya riƙa hwaɗin shi da daɗi."

Hajiya ta buɗe baki za ta maimaita saƙon, ta kasa. Ta miƙa wa Hamidu ƙwaryar kawai, ya karɓa da hannu biyu kansa a ƙasa.

Inna ta miƙe ta ce motar Bakura ba ta jiran kowa. Na ɗaukar mata buhun da ta zo da shi, muka fita. Har tasha tana gaba ina baya. Da ta shiga ta zauna, na tsaya jikin tagar.

"Inna, na gode."

Ta kalli bayan kujerar direba.

"A koma bakin aiki, an bar yaran mutane su kaɗai."

Direba ya tayar da mota. Sai na ji hannu ya fito ta taga ya kama nawa, babban yatsan nan mai tabo ya danne bayan hannuna da ƙarfi. Fuskarta na kallon gaba. Ba ta sake ni ba sai da motar ta fara tafiya, na bi ta taku huɗu ko biyar.