Abin da Mai Kifi Ya Zubar

Rana ta kusa faɗuwa, mai kifi na tsugune a bakin tafkin da ya gina a tsakar gidansa. Shekara shida yana kiwon koi, kifin adon nan mai ja da fari. Ranar tantancewa ce. Yana ɗebo ƙananan da komar kamun kifi, yana duba su ɗaya-ɗaya.

"Wannan a bari. Wannan a zubar."

Mai kala ya koma ruwa. Dusasshe ya sha jifa ta kan katanga, cikin kwata.

Sai dutse ya faɗa tsakiyar tafkin. Ba jifan gefe ba ne. Daga sama ya sauko, a miƙe.

"Wane ɗan banza ne?"

Shiru. Ko kaza ba ta motsa ba.

Tun daga ranar, da zarar inuwa ta rufe ruwan, duwatsu za su fara. Injin ruwa ya mutu da kansa. Daga bayan katanga wata murya takan taso, tana kwaikwayonsa a hankali: wannan a bari, wannan a zubar.

A yammacin rana ta bakwai aka tarar da 'yarsa ta tsakiya, mai dafa wa kifin abinci, tsaye cikin tafkin, ruwa har ƙugu, idanunta a kafe.

"Ka ga abin da kifinka ya jawo mana!" in ji matarsa.

"Ja ta a hankali, kada ta taka min Sarauniya." Sunan babbar kifanyarsa ke nan.

Kashegari aka ɗauko malam. Ya zaunar da yarinyar a tabarma, ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa masa riga. Can bakinta ya buɗe, muryar wani tsoho ta fito.

"Ya isa, kana ƙona ni."

"Me ya kawo ka jikin 'yar mutane?"

"Ni ba ɓarawo ba ne, malam. A kwatar nan nake tun ba a haifi kakansa ba. Abin da ya zubar nake ci. Wannan ma zubar da ita ya yi, na tsinta."

"Ƙarya kake, la'ananne!" in ji mai kifi. "'Yata ce."

"To, uban 'ya. Ɗigo nawa ne a bayan Sarauniya?"

"Uku, da ƙarami a gindin wutsiya." Amsar ta fita kafin ya yi tunani.

"Madalla. Tabon ƙunar da ke jikin yarinyar fa, a ina yake? Faɗi in fita, ko tsinke ba zan nema ba."

Uwar ta buɗe baki.

"Ke, ba da ke nake ba."

Mai kifi ya dubi 'yarsa. Doguwar riga ce a jikinta.

"A ƙafa."

Dariyar da ta biyo baya sai da ta sa kifayen suka nutse ƙasa.

Malam ya ɗaga murya da karatu har aljanin ya yi kururuwa. Sannan aka shiga ciniki. Ya ce a bar masa yarinyar, malam ya ce ko gashinta ɗaya. Ya ce to kifin duka.

"Ɗaya," in ji malam.

"To wadda ya san ɗigonta. Kuma da hannunsa."

Mai kifi ya je bakin tafkin ya tsaya. Sarauniya ta taso tana neman yatsansa, kamar kullum. Ya daɗe a tsaye. Ya daɗe ƙwarai, har malam ya yi gyaran murya sau biyu.

Ya ɗauke ta, ya cilla ta kan katanga. Ba a ji faɗuwarta ba.

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta kife. Da ta farfaɗo ba ta nemi ruwa ba. Ta naɗe hannun rigarta na hagu har gwiwar hannu, ta miƙa masa.

"Ga shi nan, Baba. Tukunyar abincin kifinka ce. Kana tsaye ranar."

Ya zuba wa tabon ido.

"Duk na ji," ta ce, tana sauke hannun rigar. "Har daɗewar da ka yi."