Motar Yaya da Sensar Karanshaf

Rana ta yi ja lokacin da Bakanike ya rufe bonet da ƙarfi, ya ja tsaki.

Motar yayarsa ce, kuma ta zame masa ƙarfen ƙafa. A gareji lafiyarta lau, bugu ɗaya take tashi. Amma da zarar ta bi hanyar asibiti ta kai wata tsohuwar kwalbati, sai ta mutu murus. Na'urar gwaji kullum magana ɗaya take yi: sensar karanshaf. Ɗan abu ne kamar babban yatsa, shi ke gaya wa kwamfutar mota inda injin ya kai a juyinsa. In ya mutu babu wuta a fulogi, ko za ka kwana kana murɗa makulli.

Ya canza sensa, ya sake canzawa. Ya bi waya tun daga soket har ƙarshenta, ya kankare tsatsa, ya auna batir. A banza, wai an tsikari kakkausa.

Ana cikin haka sai Yaya ta kira shi.

"Auta, gobe da safe wankin ƙodar Inna. Wancan karon da motar ta mutu, a tsakar rana muka zauna har Inna ta galabaita. In abin ya fi ƙarfinka ka faɗa mini, ba kunya ba ce."

"Haba Yaya! Ni mota za ta gagara?"

"To ai ga shi ta gagare ka."

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai. Abokin aikinsa ya riga ya tashi, don haka ya jefa sufana da tocila da sabuwar sensa a kujera, ya kama hanyar shi kaɗai. So yake ya kama ta tana mutuwar, ya ga ƙaryarta.

Bai sha wahalar jira ba. Yana hawa kwalbatin injin ya ɗauke, motar ta gangara kaɗan ta tsaya.

"Yauwa! Yi halinki, mara kunya."

Ya zare makulli ya sa a aljihun wando, kamar yadda ya saba in zai sa hannu a inji. Wurin shiru, babu gida, babu mai wucewa. Ƙarfen injin ne kawai ke ƙas-ƙas yana hucewa. Ban da ƙaurin baƙin mai, akwai wani wari da ke tasowa daga ƙarƙashin kwalbatin, kamar na jiƙaƙƙen tsumma da aka manta a bokiti.

Ya daki tocila da tafin hannu har ta kawo, ya cije ta da haƙori, ya zura hannu can ƙasa ta gefen fambel, belin da ke juya fankar inji. Ƙarfe ya ƙona masa gwiwar hannu, ya yi ashar. Da ƙyar ya kwance noti, ya zaro sensar.

Kanta maganaɗisu ne, ya saba ganin garin ƙarfe manne a kai. Wannan karon gashi ne. Dogo, jiƙe, an naɗe shi tsaf kamar zare a ƙwarya.

"Wannan kuma wane iskanci ne?"

Ya ajiye ta a kan batir, ya sake zura hannu yana laluben soket. Ransa a ɓace, hankalinsa duk yana kan waya. Sai bakinsa ya yi abin da ya saba yi kullum a gareji, in abokin aikinsa na zaune a sitiyari. Ya cire tocila ya ɗaga murya:

"Murɗa mu ji!"

Aka murɗa.

Injin ya tashi. Fambel ya fizgi hannun rigarsa, ya ja shi ciki har kafaɗa. Ya tokare ƙafa a bamba ya finciko da iya ƙarfinsa. Rigar ta yage, ya faɗi zaune a kan kwalta.

Ga sensa can a kan batir. Ya shafa aljihu. Makulli na nan.

Bonet a ɗage yake, ya tare masa gilashi. Sai ta ɗan tsagin da ke ƙasansa ya hango sitiyari, da yatsu a kansa, dogaye, suna ɗigar ruwa.

Wata murya ta zo a hankali, kamar a bayan kunnensa.

"Sai yau aka yi mini magana."

Ya ja da baya a kan kwalta.

"Kullum ina tsayar da ku. Ba mai cewa komai."

Ƙofar direba ta yi ƙara.

Bai tsaya ganin ƙafar da za ta sauko ba. Ya kwasa a guje, takalmi ɗaya, bai waiwaya ba sai da ya kai babban titi ya faɗa cikin mutane.

Washegari yana zaune da zazzaɓi, yana neman yadda zai ce wa Yaya su nemi tasi, sai ga kiranta. Murna fal muryarta.

"Auta, Allah ya yi maka albarka! Ashe a ƙofar gida ka ajiye mana ita. Da makullina na ajiya na tayar, mun wuce kwalbati ko tari ba ta yi ba."

"Yaya, ku tsaya. Ku fita daga motar nan."

"Ka ji ka! Mun kusa isa fa. Ga Inna ku gaisa."

Ya ji numfashin Inna a wayar, a gajiye amma cikin jin daɗi.

"Auta, sannu da aiki. Amma ka yi wa yayarka faɗa. Tun da muka fito baiwar Allahn nan take zaune kusa da ni, duk ta jiƙa mini zane, ko gaishe ta ba ta yi ba."

Sai da ya yi ihu kafin Yaya ta taka birki suka fito.

Tun daga ranar ba ya cewa a murɗa sai ya zagaya ya ga fuskar wanda ke sitiyari. Motar kuwa tana nan a gefen hanya, ba a sake shigarta ba. Inna ta sami wankinta a ranar, a tasi. Sai dai har yanzu, ko wace mota aka sa ta, takan matsa jikin ƙofa ta bar wurin zaman mutum ɗaya kusa da ita.