Littafin Kakannin Rhoda

Ranar Lahadi da safe Hafsa Jumare ta buɗe akwatin kwalin ta tarar da shi wayam. Ta zauna a bakin gado.

Littafin da ta adana a ciki bai fi tafin hannu ba, irin kalandar da mutanen Ingila ke saye a zamanin da, bugun 1683. Matan gida kan cika fararen shafukansa da rubutun hannu, daga maganin tari zuwa na ƙuna, kuma irin wannan rubutun shi ya kawo Hafsa karatu Manchester. Rhoda, wata tsohuwa maƙwabciyarta a unguwar Levenshulme, ita ta gaje shi kaka da kakanni. Ta hana kowa ko ɗaukar hotonsa, amma ta ba Hafsa aron mako guda saboda ta yarda da ita. Gobe Litinin za a mayar, kuma Hafsa ta gwammace ta rasa digirin da ta dubi idon tsohuwar nan hannu rabbana.

Ta tashi ta ƙare wa kantar da akwatin ke kai kallo. Sanda ta zo buɗewa, akwatin na inda yake, Alƙur'aninta na samansa kamar kullum. Abu ɗaya ne baƙo: ɗankwalinta, wanda ta rataye a bayan ƙofa, yanzu yana naɗe a jikin Alƙur'anin.

Mutum uku suka ci tuwo a gidanta jiya da rana, ta nuna musu littafin, kuma kowannensu ya shiga ɗakin daga baya.

Ta fara da Clara, abokiyar karatunta, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan littafin. Clara ta amsa a waya cewa ta shiga ɗaukar rigar sanyinta ne kawai. Hafsa ta tambaye ta yadda za ta yi in za ta buɗe akwatin. Ta ce ai sai ta ɗage babban littafin da ke kai ta ajiye gefe, mene ne abin wahala? Hafsa ta yi mata godiya.

Sai yayanta Halliru, likita a unguwar Moss Side, mutumin da ke ɗaukar duk maganin gargajiya a matsayin cin fuska gare shi.

"Yaya, me ka shiga yi ɗakina?"

"Azahar da la'asar. Tuhumata kike?"

"Da alwala ka fito?"

"Da ita na yi magariba a masallaci."

Saura Zubaida, 'yar kawunta, wadda ta shiga ta kwanta wai kanta na ciwo. Hafsa ba ta kira ta ba. Jirgin ƙasa ta hau zuwa Birmingham inda Zubaida ke zaune, zuciyarta ba daɗi, don Zubaida ce ta tarbe ta ranar da ta fara sauka a ƙasar nan.

Ta same ta a kicin. Bayan gaisuwa ta ajiye ɗankwalin a kan tebur.

"Yaya Zubaida, jiya ba ki yi sallah tare da mu ba."

"Ina fashi ne."

"Na sani. Clara da hannu za ta ɗauki Alƙur'ani, ba ta san komai ba. Yaya Halliru na da alwala. Wanda ya nemi ƙyalle kafin ya taɓa, ya san ba shi da tsarki ne, kuma yana jin tsoron Allah ko a lokacin da yake ɗaukar abin da ba nasa ba."

Zubaida ta shiga ɗaki ta fito da littafin a naɗe cikin sabon mayafi, ko gefensa bai lanƙwashe ba. Ta ce ba sata ta yi niyya ba. A wurin cin abinci Hafsa ta ambaci cewa akwai maganin riƙon ciki a littafin, ita kuwa ɓari uku ta yi, ga shi wannan watan ma jini ya zo. Kunya ta hana ta tambaya a gaban Halliru. Tana dubawa ta ji tafiya, ta jefa shi a jaka. Abin haushi, ta kwana tana fama ko kalma ɗaya ba ta iya karantawa ba.

Haushin Hafsa ya bi iska, tausayi ya maye gurbinsa. Ta wanke hannu ta buɗe shafin. Ta ce maganin ganyaye ne a cikin giya, kada ma ta soma. Ta ce wa Zubaida jibi ta koma wurin likitanta ta nemi a tura ta ga ƙwararru, ita za ta raka ta.

"Amma ba ki duba bangon baya ba, Yaya."

A can matar da ta yi rubutun ta jera shekaru, kowace da gajeren layi. Hafsa ta bi su da yatsa tana fassarawa: ɓari, ɓari, ɓari, ɓari. Layi na biyar tawadarsa ta fi kauri, kamar an danna alƙalami.

"An haifi 'yata ranar Talata, tana da rai."

Zubaida ta share ido ta tambaya ko yarinyar ta rayu.

Hafsa ta rufe littafin a hankali. "Yaya, daga tsatsonta Rhoda ta fito. Gobe ki biyo ni ki miƙa mata da hannunki."