Albashin Farko na Zunnuraini

Amatullahi na tankaɗen garin tuwo a tsakar gida mahaifiyarta Inna Rabi'a ta shigo, ko mayafi ba ta cire ba, ta ce mata ta ajiye rariyar nan ta saurara. Wai Nagoggo ɗan kabu-kabu ya ga Zunnuraini, wanda zai auri Amatullahi, da idonsa ran Talata ya shiga wani gida a garin Daddara da ambulan a hannu, ya fito hannu wayam. Ranar kuwa aka ba shi albashinsa na farko.

"Dama na faɗa miki, direban tirela kowane gari da tasa macen," in ji Inna.

Ita ce fa ta rangaɗa guɗa wata huɗu baya, ranar da aka ba Zunnuraini mota, ta bi maƙwabta tana cewa ɗiyarta ta haye. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne sabon direba wata uku yake yi a gwaji, kuɗin abinci kawai ake ba shi. Motar ma mai shimfiɗaɗɗen baya ce, ba ta da bango, shi zai hau ya ja sarƙa ya ɗaure rodi, ya lulluɓe siminti da tamfol. Sai ya kwana uku a layin bodar Jibiya yana jiran takardu kafin ya wuce Maraɗi, kuma ba a biyan kwanan jira. In ya zo zance tafin hannunsa duk a tsage, tsarabarsa ba ta wuce cukwi da dabino.

Kan Amatullahi ya ɗaure. Mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da ita, yaushe ya yi mace a Daddara? To in ba mace ba, ina kuɗin? Ta shiga ɗaki ta kira shi a waya.

"Na kai shi inda ya kamata, Amatu. Ki ƙara mini haƙurin wata ɗaya."

Ta tambaye shi ina ne inda ya kamata, sai ta ji ana ta danna masa hon, ya ce layi ya motsa, ya kashe wayar. Ta kifa kai a filo ta yi kuka mai isarta, don wallahi tana son sa, kuma ta rasa me za ta yarda da shi.

Inna ta yanke hukunci: ran Juma'a za a mayar da kayan sa rana. Amma kafin nan sai ta ga matar da idonta. Ran Alhamis ta tasa Amatullahi gaba suka hau mota sai Daddara.

Gidan na ƙasa ne. Inna ta yi sallama da muryar faɗa, wani tsoho ya amsa daga zaure, yana zaune a tabarma, yanar ido duk ta rufe masa gani. Ya ce sunansa Lado, shekara talatin ya yi yana jan babbar mota kafin ido ya ƙi. Da ya ji daga gidan su Amatullahi suke, sai ya hau murna yana lalubar tabarma zai shimfiɗa musu. Ya ce tun Zunnuraini yana maraya a tasha ya ɗauke shi, shi ya koya masa riƙon sitiyari da ɗaurin kaya. A sana'arsu, in ji shi, albashin farko na maigidan da ya koya maka ne, ka kai masa ya sa albarka, kuma ba a yawo da zancen.

Ya sa hannu ƙarƙashin filo ya zaro ambulan, ko buɗe ta bai yi ba.

"Mutum goma sha ɗaya na koya wa mota, Hajiya. Shi kaɗai ya dawo. Ga shi, a sa cikin sadaki, ni albarkar na riga na sa."

Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Ta durƙusa, ta ce ita dai gaisuwa ta kawo su, ta mayar masa da ambulan cikin hannu ta danne da nata. Amatullahi ta juya baya tana share hawaye da gefen hijabi.

Ba a mayar da kayan sa rana ba. Bayan kaka aka ɗaura aure da akwati biyu rak, Baba Lado ne waliyyin ango. Masu neman miji su riƙe wannan: kada a auna saurayi da abin da ya kawo a farkon aikinsa, a duba yadda yake riƙe waɗanda suka yi masa rana.

Tun ranar da suka dawo daga Daddara, suna sauka a tasha Inna ta tsaya. Nan ta kama hannun ɗiyarta ta ce, "Yaron da bai manta da makaho ba, ke ma ba zai manta da ke ba. Ni ce ban gani ba."