Bayan Katangar Darma

"Sai dai in bar aikina, ko kuwa?"

Zakari ya kasa haɗa ido da ita. Suna tsaye ne ƙarƙashin darbejiyar ƙofar asibitin haƙorin da Hasiya ke aiki a Nassarawa GRA.

"Sanyin idona, ki fahimce ni. Hauwa 'yar ƙanwar Hajiya ce ta faɗa mata wai duk macen da ke aiki da na'urar hoton haƙori ba ta haihuwa..."

"Hauwar da aka so ka aura?"

Ya kau da kai gefe, ita kuwa ta ci gaba.

"Haihuwa ta Allah ce, Zakari. Ina sonka, Allah ne shaida, amma ba zan ajiye ilimina saboda tsegumi ba!"

Ta juya ciki, ba ta bari ya ga hawayenta ba.

A makon ne turmin haƙorin Hajiya Larai, mahaifiyar Zakari, ya hana ta sakat. Ta rantse ba namijin da zai leƙa bakinta, Hauwa kuwa ta samu dama ta ce a kai ta wurin Hasiya, ta gane wa idonta.

Hasiya ta durƙusa har ƙasa ta gaida ta. Matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta kalla ba, yau ita za ta ce wa ta buɗe baki!

Kafin ɗaukar hoton haƙorin, Hasiya ta lulluɓa mata rigar darma mai nauyi, ta ɗaura mata wani abin a wuya.

"Wannan fa?"

"Kariya ce, Hajiya. Hasken na'urar kaɗan ne ƙwarai, amma ko kaɗan ɗin ba ma barinsa ya je inda ba a aike shi ba."

Ta sanya ɗan fim ɗin da hoton zai fito a kai a gefen haƙorin, ta ce Hauwa ta fita, ita ma ta nufi bayan katangar darma inda maɓallin na'urar yake.

Hajiya ta zare fim ɗin. "Ina za ki? Dawo ki riƙe mini, hannuna rawa yake."

"Ki ji tsoron Allah, Hasiya!" Hauwa ta ce daga bakin ƙofa. "Uwar mijin da za ki aura ce fa ke roƙonki!"

Hasiya ta san tsayuwa sau ɗaya ba za ta cutar da ita ba, ta kuma san abin da ƙin zai iya janyo mata.

"Ki gafarce ni, Hajiya, ba zan riƙe ba."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Ke yau kaɗai za ki zauna a kujerar nan. Ni kullum ina nan, daga safe har la'asar. Jikina amana ne. Ko mahaifiyata ce, haka zan yi."

Ta ɗauko maƙalin roba ta saka fim ɗin a ciki, ta nuna mata yadda za ta cije. Sannan ta koma bayan katangar ta danna.

Da suka fito, Zakari na zaune a ɗakin jira, ya miƙe zumbur.

"Kin gani ko, Hajiya?" in ji Hauwa. "Tun yanzu ta fara yi miki musu!"

"Na gani. Rufe mana baki." Hajiya ta gyara mayafinta. "Da ta tsaya don jin kunyata, da na san haka take tsaya wa kowa. Sannan ne zan ji tsoro."

Ta dubi gefen ɗanta, ba ta kama sunansa ba, kasancewarsa ɗan fari.

"Kai yaron nan, ka je Tudun Wada ka sanar da baffanka, su shirya kai goron sa rana."

Zakari ya dubi Hasiya, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ita kuwa ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Hajiya, likita Jacinta na jiranki. Haƙorin nan sai an cire shi."