Jinin Dogo

"Ban yarda ba, Yaya! Kowa ma a duniya, amma banda shi!"

Yayar matata ta kalle ni sama da ƙasa a barandar asibitin, idanunta jajur. Da safen nan Auta ta haifa mini 'ya mace, sai jini ya ɓalle mata. An gwada nawa bai yi ba, an gwada na Yaya da na ƙannena, duk haka. Nas ta ce irin jininta wuyar samu gare shi, kuma babu ko leda ɗaya a ajiye.

"Dogo irin nata gare shi," in ji Yaya. "A gabana aka gwada su."

Wa ya kai ni sani? Dogo kafinta shi ne saurayin Auta kafin ni. Ba faɗa suka yi ba, ba kuma wani ne ya shiga tsakaninsu ba. Gwajin kafin aure ne ya nuna 'ya'yansu za su iya zuwa da sikila, suka rabu suna kuka. Ni da na zo, hawayen wani na share. Shi ya sa ko layin shagonsa ba na bi.

"Zan ci gaba da addu'a," na ce. "Allah ba ya rasa hanya."

"Tun ɗazu nake jin ka, 'Allah ka kawo mafita ta ko'ina.' To ya kawo! Ko ka manta ka ce masa banda ta shagon kafinta?"

"Yaya..."

"Jira kake ledar jini ta faɗo maka daga silin? Na kira shi bai ɗauka ba, ƙarar injin katako ba ta barin sa ya ji waya. Ƙafafu Allah ya ba ka, ya ƙara maka da babur!"

Na leƙa ɗakin. Leɓunan Auta sun yi fari fat. A gefenta jaririyar na barci cikin 'yar rigar da na ɗinka da hannuna. Ban san lokacin da na zaro makulli ba.

Na tarar da shi cikin garin katako, fensir maƙale a kunne.

"Tela? Lafiya?"

"Auta ce... jini take buƙata."

Bai tambaye ni komai ba. Ya yar da zarto, ko shagon bai rufe ba ya haye bayana. Wallahi da ya ɗan ja aji da na fi jin daɗi! Wannan saurin nasa shi ya fi komai ƙona mini rai.

"Ƙara wuta mana!" ya ce a kunnena.

"Malam, matata ce. Na fi ka sauri."

Muna isa, sabuwar nas da ta karɓi aiki ta dube shi yana haki. "Kai ne mijin?"

"Ni ne!" na faɗa da ƙarfin da sai da masu jinya suka waiwayo.

Da aka gama ɗiba ya fito yana danne da auduga a hannu. Ya kalli ƙofar ɗakinta, bai matsa ba.

"Allah ya ba ta lafiya. Ba sai ka gaya mata ni ne ba."

Na so in ce na gode. Kafin in buɗe baki har ya sha kwana.

Na zauna ina kallon jinin yana ɗiga, yana bin roba yana shiga jikin matata. Bakina na Alhamdulillah, ƙirjina na tafasa. Inda ni ban isa in kai ba, ga nasa yana zagawa.

Can wajen la'asar ta buɗe ido. Leɓunanta sun fara dawowa.

"Masoyina... an samu? Wa ya ba ni?"

Yaya ta zuba mini ido. Ƙarya tana nan a bakina, shi da kansa ya ba ni izini.

"Dogo ne."

Auta ta dube ni. "Wa ya gaya masa?"

"Ni na je. A bayana na ɗauko shi."

"Kai? Kai da kake zagaye layinsu?"

"Yanzu shi ke nan," na ce. "Duk bugun da zuciyarki za ta yi, da jininsa za ta yi shi. Kishi zai kashe ni, Auta, ba wasa nake ba!"

Ta yi dariyar da babu ƙarfi a cikinta, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Ta lalubo hannuna ta ɗora a ƙirjinta.

"Da na ji ina tafiya, ban roƙi Allah jini ba. Cewa na yi ya bar ni da kai. Ashe ta nan zai biyo."

Na kifa kaina a gefen gadon na fashe da kuka.

"Idan ka gama," in ji Yaya, "akwai bawan Allah da ya koma shago a ƙafa, ko godiya bai samu ba."

Na share fuska, na ɗauki makullin babur.