Ƙasar Surin Baba Mordecai

Wata Alhamis a daminar 2006 na fito daga aji a makare. Na bi ta Sabon Gari na karɓi jarkar tsohon mai wurin Mama Busola mai soya kifi, sannan na ɗauki hanyar Shika. Ƙasa zan ɗebo, kwano ɗaya tak.

Sunana Hephzibah, ina koyar da ilmin sinadarai a Samaru. Na gano cewa idan aka gasa ƙasar suri ta zama farin gari, aka zuba kaɗan a tsohon man suya, sai ya koma man da injin dizal ke sha. Garin kuma ba ya ƙarewa. In ya gama aikinsa a tace shi, ya fito yadda ya shiga. Na aika wa wata mujalla ta ƙasar waje, suka rubuto wai sakamakon ya yi kyau da yawa ga ɗakin gwajin da wuta ba ta zama. Wato maƙaryaciya ce ni ke nan. Suka ba ni mako uku in maimaita da sabuwar ƙasa daga surin farko. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Surin yana gonar Baba Mordecai, dattijon cocinmu. Na tarar da shi yana ɗaure fartanya a keke.

"'Yata, rana ta faɗi," in ji shi. "Ni mai gonar ma kewaye shi nake yi. Wancan karon ko sallama ba ki yi ba. Ki bari sai da safe."

"Baba, da safe za a kawo wuta. In ta wuce ni, sai wani makon."

Ya girgiza kai ya hau kekensa.

Na kutsa cikin dawa. Ganye na karce mini hannu, kwaɗi na ta kuka a fadama. Da na sa shebur a gindin surin, sai suka yi tsit gaba ɗaya.

Sai wari. Ba na jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Ƙaurin tandar ɗakin gwajina ne, na san shi kamar warin kicin ɗina.

Na ɗaga kai.

Wata tsohuwa na zaune a kan surin. Rabin jikinta fari fat, yana zuba kamar toka.

"Awa huɗu," ta raɗa. "Kika rufe mini ƙofa, kika tafi cin shinkafa."

Awa huɗu nake gasa ƙasar. Ranar kuwa shinkafa na ci. Ta nuna kwanon da na riga na cika.

"Ajiye."

Na tuna wasiƙar mujallar nan, sai haushi ya danne tsoro.

"Iya, na yi miki laifi, ban san kina ciki ba. Amma ba zan ajiye ba. An ce mini maƙaryaciya, kuma ke kin san ban yi ƙarya ba. Ara mini. Zan dawo miki da ita cif."

"Cif?"

"Cif."

Ban ga saukowarta ba. Sai ji na yi ta cafke mini wuyan hannu. Zafi kamar an ɗora mini dutsen guga.

Ban saki kwanon ba.

Na fizge. Na ruga. Dawa na dukan fuskata, a bayana ƙasa na zubowa shuu. Sau uku na murza makulli kafin motata ta tashi.

Na bar ƙasar ta kwana a waje, na ƙwanƙwasa kwanon na yi sallama kafin in gasa. Sakamakon ya fito daidai da na farko, mujallar ta buga. Yau masu bincike daga ƙasashen da ban taɓa takawa ba suna ambaton sunana, suna kuma rubuto mini cewa surinsu bai yi ƙarfin nawa ba. Nakan ce su ci gaba da gwadawa.

Bayan gwajin, da rana tsaka na mayar wa surin da garin duka, har da na farko, Baba Mordecai na tsaye nesa yana addu'a. Sai dai a sikeli giram biyu sun ɓace, na share ɗakin gwaji kaf ban gan su ba.

Shatin yatsu huɗu na nan a wuyan hannuna, fari fat, kullum magariba sai ya ɗau zafi. Ɗalibaina na cewa in rufe shi da agogo.

Ba na rufewa. Da wannan hannun na sa hannu a takardar binciken.